Xigris: maganin da aka gano aikinsa ana gab da janye shi

Ranar 25 ga Oktoba, 2011, kamfanin Eli Lilly na Amurka ya ba da sanarwar kwashe maganinsa mai suna Xigris daga kasuwannin duniya baki ɗaya. A lokacin shi kaɗai ne maganin da aka taɓa amincewa da shi musamman don sefsis mai tsanani, wato halin da mutum ke shiga idan ƙwayoyin cuta suka kama shi, jiki ya yi ta yaƙi har ya koma yana lalata kansa: hawan jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya, huhu ya cika da ruwa. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta buga ya nuna cewa a 2017 kaɗai wannan hali ya kashe mutum wajen miliyan 11, kuma Afirka kudu da Sahara na cikin inda abin ya fi muni.

Asalin maganin daga jinin shanu aka fara gano shi. A 1976 wani masani ɗan Suwidin, Johan Stenflo, ya ware wani furotin daga jinin saniya ya sa masa suna furotin C. Aikinsa shi ne taka wa daskarewar jini birki. A jihar Oklahoma kuwa, Charles Esmon da abokin aikinsa Fletcher Taylor sun ɗura wa birai nau'in bika ƙwayar cutar E. coli mai yawan da ke kisa. A 1987 suka ba da rahoton cewa waɗanda aka ba furotin C da aka riga aka tayar da shi sun rayu. Lissafin ya yi kama da mai sauƙi. Sefsis na sa jini ya dunƙule cikin ƙananan jijiyoyi, wannan furotin na hana dunƙulewa, shi ke nan.

Lilly ya ƙera shi a masana'anta, aka gwada a kan marasa lafiya 1,690. Sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna kashi 24.7 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun mutu cikin kwana 28, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 30.8. Kwamitin ƙwararrun da ke ba hukumar magunguna ta Amurka shawara ya rabu gida biyu cif, goma da goma, amma hukumar ta sa hannu a Nuwamban shekarar. A lokacin ana ɗura shi ta jijiya awa 96 ba tsayawa, kuɗinsa kusan dala 6,800. Ga kuma zubar jini da yake jawo wa wasu, abin da ya sa likitoci da yawa suka riƙa ɗari-ɗari da shi.

Akwai abin da bai shiga lissafin ba. An gwada wasu magungunan hana daskarewar jini guda biyu a kan masu sefsis a kusan lokaci guda, ba su rage mutuwa ba. Idan tsinka jini ne sirrin, me ya sa su suka gaza?

A ɗakin binciken Esmon aka sami bakin zaren. Jun Xu da abokan aikinsa sun harzuƙa wasu ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin kwano, suka ɗebi ruwan da ƙwayoyin ke kwance a ciki suka zuba wa ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon jijiyar jini. Sai waɗannan suka mutu. Da aka fara gauraya ruwan da furotin C, dafin ya ragu. Ke nan akwai wani abu a ruwan da furotin C ke yankawa. Suka bi guntayen da ya bari, suka tarar histon ne.

Wannan ya ba da mamaki, domin histon ba baƙo ba ne, ba kuma dafin ƙwayar cuta ba ne. Tun 1884 Bajamushe Albrecht Kossel ya gano shi a jinin tsuntsu. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum na ɗauke da zaren gado na DNA mai tsawon kamu kusan mita 2, kuma a jikin histon ake naɗe shi kamar yadda masaƙi ke naɗe zare a kwarkwaro. Muddin yana cikin ƙwayar, lafiya lau. Idan ƙwayoyi suka yi ta fashewa saboda cuta sai ya malalo cikin jini, ya manne wa fatar wasu ƙwayoyin ya huda ta, sinadarin kalsiyam ya kwarara ciki, su ma su mutu su zubo nasu histon. Haka abin ke cin kansa. Garkuwar jiki ma da gangan take fitar da shi: a 2004 masana a Balin suka nuna cewa wasu fararen ƙwayoyin jini na watso DNA ɗinsu haɗe da histon a matsayin tarkon kama ƙwayoyin cuta. Tun 1958 James Hirsch ya nuna histon na kashe bakteriya, sai dai bai bambance abokin gaba da ɗan gida.

Rahoton Oklahoma ya fito a mujallar Nature Medicine a 2009. Ɓerayen da aka yi wa allurar histon mai yawa sun mutu cikin awa guda. Waɗanda aka haɗa musu da furotin C sun tsira. An kuma ga histon na ƙaruwa a jinin biran da aka ɗura wa E. coli, yayin da ƙodarsu ke lalacewa. A cikin nau'o'in histon, H3 da H4 ne suka fi dafi, kuma wani furotin garkuwa da aka yi don ya kama H4 ya ceci ɓeraye masu sefsis.

Shekara takwas ke nan ana sayar da Xigris kafin a san yana wannan aiki. Sannan lokacinsa ya riga ya ƙure. Hukumar magunguna ta Turai ta nemi a sake gwaji, aka yi a kan mutum kusan 1,700 da hawan jininsu ya faɗi saboda sefsis. Kashi 26.4 na masu maganin suka mutu, kashi 24.2 na waɗanda ba a ba ba. A ganina wannan bai rushe binciken histon ba. Ɓera ana ba shi magani tare da dafin a minti guda, mutum kuwa yakan iso asibiti bayan ɓarna ta yi nisa, kuma a gwajin ba a zaɓi marasa lafiya bisa yawan histon da ke jininsu ba.

Daga nan masu bincike suka bazama neman abin da zai ɗaure histon ba tare da ya sa jini ya tsinke ba. A Libaful ta Ingila an nuna cewa furotin CRP, wanda likitoci ke aunawa kullum don gane kumburi, yana kama histon ya rage dafinsa. A Holan an gwada heparin da aka cire wa ƙarfin tsinka jini. An kuma sake ƙera furotin C kansa, aka sauya masa gurabe uku don ya rage jawo zubar jini, aka karkata gwajinsa ga masu shanyewar jiki. Sai turombomodulin, furotin da ke tayar da furotin C a jiki, wanda Esmon na cikin waɗanda suka gano shi, kuma shi ma yana kama histon. Japan ta amince da shi tun 2008 don matsalar daskarewar jini. Da aka gwada shi a kan masu sefsis 800 a ƙasashe da dama, sakamakon 2019 ya nuna mutuwar kashi 26.8 a ɓangaren maganin da kashi 29.4 a ɗayan, tazarar da masana lissafi suka ce ba ta isa hujja ba.