3.4 Daidaita Kalmomin Waƙa da Alamomin Kiɗa a Kwamfuta

Waƙoƙin noma da ake rerawa wajen gayya a ƙasar Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da baki aka gaje su. Idan aka zo adana su da alamomin kiɗa a manhaja irin MuseScore ko Sibelius, akan yanka kalma gaɓa-gaɓa, a ajiye kowace gaɓa daidai ƙarƙashin alamar sautinta. To, a nan matsala take tasowa. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali, alhali karin waƙar Hausa ya dogara ne a kan nauyin gaɓa. Alal misali, a kalmar "damina", gaɓar farko da ta ƙarshe masu nauyi ne, ta tsakiya kuwa marar nauyi, amma a rubuce kowace harafi biyu gare ta. Saboda haka ya fi dacewa a ninka wasalin, wato daa-mi-naa, a kuma buɗe tazara yadda gaɓoɓin ba za su hau juna ba.

Sai kuma haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Idan samfurin haruffan da aka zaɓa ba shi da su, kwamfuta takan aro daga wani samfurin, faɗinsu ya bambanta, gaɓa ta goce daga ƙarƙashin alamarta. Wanda ya guje wa wannan ta hanyar cire lanƙwasar, ya mayar da "ƙasa" "kasa" a bakin mai rerawa.