Kitse, Rumbun Jikinmu

Mu manoma mun san darajar rumbu. To, Allah ya yi wa jikinmu nasa. In muka ɗauki azumi, ko hatsi ya ƙare da tsakiyar damina, jiki yakan fara da sukarin da hanta ta ajiye. Wannan guzurin kamar kwana ɗaya ne. Daga nan sai ya fasa babban rumbu, wato kitse, wanda ƙarfinsa ya ninka na gero. In yunwa ta daɗe, tsoka ma takan zube.

Amma rumbun yaro ƙarami ne. Kada mu sa yara da masu ciki azumi. Mu riƙa zuba cokalin man gyaɗa cikin kunun yaro. Yusufu ya yi tanadin shekara 7 a Masar. Mu ma mu ajiye gyaɗa tun da kaka.