Maniyyaciya, Kafin A Buga Hatimi A Katinki, Ki Tabbata Allurar Ta Shiga Jiki

Da zarar kujerar Makka ta tabbata, gida ya ɗauki shiri ke nan: a kai ɗinki, a daka yaji, a soya dambun nama, a shiga zagayen dangi ana bankwana daga Karaye har Rogo. Abin da aka fi bari a baya shi ne rigakafi. Sau da yawa sai an kira sansanin alhazai a Kano sannan ake tunawa da shi, wasu kuma su nemi wanda zai "yi musu kati" ba tare da an taɓa damtsensu ba. Ko ke ce maniyyaciyar, ko mahaifiyarki, ko surukarki, ko maigida, wannan bayani ya shafe ki, domin abin da matafiyi ya ɗebo a can, a tsakar gidanki zai sauke shi, cikin 'ya'yanki.

Dalilin da ya sa Saudiyya ba ta wasa da rigakafi

Dokar tana da tarihi. Kakanninmu da suka riƙa tafiya a ƙasa ta Barno da Chadi da Sudan, sai an tsare su a Sawakin an duba lafiyarsu kafin su hau jirgin ruwa su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. A yau jirgin sama yana kai ki cikin sa'o'i kaɗan, amma haɗarin bai sauya ba: mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi daga kowace kusurwa ta duniya, kafaɗa da kafaɗa, ana numfashi ana tari a tanti ɗaya.

A 1987 sanƙarau ya ɓarke a wajen aikin Hajji, daga nan Saudiyya ta wajabta allurarsa. A 2000 da 2001 wani nau'in da ake kira W135 ya sake ɓulla, alhazai suka koma da shi ƙasashensu har ya kama mutanen gidajensu da ba su je ko'ina ba. Shi ya sa daga 2002 aka koma allurar da ke kare nau'i huɗu, A da C da W da Y. Mu kuma a nan, manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ya kashe sama da 11,000, Kano na cikin inda ya fi ɓarna. A wannan shekarar Saudiyya ta hana 'yan Najeriya zuwa Hajji. Mutane sun biya kuɗi, sun yi bankwana, suka kwance jaka a gida.

Rigakafi uku da ake nema a wajenmu

Na farko, allurar sanƙarau. Dole a yi ta aƙalla kwana 10 kafin ki isa Saudiyya, saboda jiki yana buƙatar waɗannan kwanaki kafin ya haɗa garkuwa. Iri biyu ce: akwai wadda ake karɓar shaidarta har shekara 3, akwai ta zamani da ke kai shekara 5. Ki tambaya wacce aka yi miki, a rubuta a kati. Wani abu da mata da yawa ba su sani ba: mutum yana iya ɗauke da ƙwayar sanƙarau a maƙogwaronsa yana yawo lafiya ƙalau, ya shafa wa jariri ko ɗan yaye ta hanyar tari ko sumba. Allurar zamanin tana rage wannan ɗaukar. Kada kuma ki ce ai an yi miki ta sanƙarau shekarun baya lokacin gangami. Waccan ta nau'in A ce kaɗai, ba ta wadatar.

Na biyu, allurar zazzaɓin shawara, cutar da sauro ke yaɗawa, mai sa ido ya yi ɗorawa. Ita ce asalin katin nan mai ruwan ɗorawa da ake kira yalo kad. Shaidarta tana fara aiki bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun watan Yulin 2016 dokar lafiya ta duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Idan an taɓa yi miki kuma kina da katin gaske, ki adana shi tare da fasfo. Sashen kiwon lafiya na tashoshin shiga ƙasa, wanda ke da ofis a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, shi ke da alhakin wannan kati, kuma sabon katin yana da lambar da ake dubawa a kwamfuta a gane na jabu.

Na uku, rigakafin shan inna. Za ki ce ai na yara ne, kuma ai an ce an gama da ita. Gaskiya ne a ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar da cewa asalin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, amma akwai wani nau'i da ke ci gaba da yawo a wuraren da yara ba su samun cikakken rigakafi, jihohinmu na Arewa na ciki. Babba yana iya ɗaukarta a hanjinsa ba tare da ya ji komai ba. Lokacin da aka dakatar da rigakafin a Kano daga 2003 zuwa 2004, ƙwayar ta bi matafiya har Sudan da Yaman da Indonesiya. Saboda haka ake so a ba ki shi aƙalla mako 4 kafin tafiya, kuma kada ya wuce shekara ɗaya. Idan an sake ɗiga miki a baki a filin jirgin Jidda ko Madina, ki karɓa, ƙa'ida ce.

Bayan waɗannan ukun, ana ba da shawarar allurar mura da ta korona, musamman ga tsofaffi da masu ciwon suga, asma ko ciwon zuciya. Ƙa'idoji kan ɗan sauya daga shekara zuwa shekara, don haka ki riƙa zuwa bita, ki ji daga bakin jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku abin da Hukumar Alhazai ta Ƙasa da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano suka sanar a bana.

Ki ƙirga kwanaki daga baya

Ki ɗauki ranar da ake sa ran fara jigila, ki ja baya mako 6. A wannan lokacin ya kamata ki fara. Allurar da aka yi ana gobe tashi tana cika kati, amma za ki shiga cunkoson Madina jikinki bai gama shiri ba. Ɗan zazzaɓi ko tsamin hannu na kwana ɗaya ko biyu bayan allura ba abin tsoro ba ne, farasitamol ya isa, kuma gara ya same ki a ɗakinki da ya same ki a cikin jirgi.

Maganar sayen kati kuwa, 'yar'uwa, ki dube ta da idon basira. Wanda ya karɓi kuɗinki ya buga miki hatimi ya taimake ki ki wuce jami'in filin jirgi ne kawai. Ƙwayar cuta ba ta karanta kati. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya, wanda ya tsira kuma yana iya rasa jinsa har abada. Sannan tafiya ce ta neman yardar Allah, bai dace a fara ta da takardar ƙarya ba. Na san akwai masu tsoron allura saboda abubuwan da suka taɓa faruwa a Kano da kuma jita-jitar WhatsApp. Haƙƙinki ne ki ce a nuna miki kwalbar, ki ga sunanta da ranar lalacewarta, ki ga an buɗe sabon sirinji a gabanki. Ma'aikaciyar lafiya ta gari ba za ta ji haushin wannan ba.

Masu Umara, musamman ta azumi, su ne suka fi sakaci, domin komai yana hannun kamfanin tafiya. A 2024 an samu mutum 12 da sanƙarau a Amurka da Ingila da Faransa, duk an danganta su da tafiyar Umara. Ko ba a tambaye ki kati ba, ki yi allurar. Idan da yaro za ki tafi, ki kai katinsa asibiti a duba.

Juna biyu, shayarwa da maganin tsayar da al'ada

Kada ki ɓoye ciki. Ana yi wa maniyyata mata gwajin juna biyu, kuma an yi haka ne don kare su. Allurar shawara tana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, shi ya sa ba a yi wa mai ciki sai da shawarar likita. Ga doguwar tafiya a ƙafa, ga rana, ga turereniya: ɓari ko haihuwar bakwaini a ƙasar da ba uwa ba dangi. Kujera tana iya jiran baɗi.

Ki kuma faɗa kafin a yi miki allurar shawara idan kina shayar da jaririn da bai kai wata 9 ba, ko cin ƙwai yana sa miki kumburi da sarƙewar numfashi, ko kina shan maganin da ke rage garkuwar jiki, ko kin haura shekara 60 kuma wannan ne karonki na farko.

Maganin tsayar da al'ada kuwa, kada ki saya a kemis don wata Hajiya ta ce ya yi mata aiki. Ki ga likita wata 2 ko 3 kafin tafiya a tsara miki. Mai hawan jini, mai ciwon kai na ɓari ɗaya, da wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, wasu daga cikin magungunan nan haɗari ne gare su.

Jakar magani

Idan kina da hawan jini, suga ko asma, ki je babban asibitin Karaye ko na Rogo tun da wuri a auna ki, a daidaita maganin. Ki tanadi wanda zai ishe ki kwana 45, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita. Ki sa shi a jakar hannu, domin babbar jaka tana iya yin kwanaki ba ta iso ba. Ki ƙara da farasitamol, ƙullin gishiri da sukari na gudawa, takunkumi, man shafawa saboda gogar cinya, da lema. Taramadol da kodin da goro na iya jefa ki cikin matsala da hukumomin Saudiyya. Kada ki karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya ce magani ne.

Rana ta fi kisa

A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma Saudiyya ta sanar da rasuwar mutum 1,301, mafi yawansu waɗanda ba su da izinin aikin Hajji, ba su da tanti ko motar da za su fake. Kada ki ce ai mun saba da zafin bazara. A gida kina da inuwar darbejiya da randa, a can kwalta ce da tafiyar kilomitoci.

Kuskuren da mata suka fi yi shi ne rage shan ruwa don gudun layin banɗaki a Mina da Arfa. Ki riƙa kurɓa a kai a kai tun ƙishi bai zo ba. Idan fitsarinki ya yi duhu, ruwan jikinki ya yi ƙasa. Jiri, ciwon kai, amai, ko kika ga abokiyar tafiya ta fara magana ba kan gado, a kai ta inuwa, a jiƙa mata jiki, a kira ma'aikatan lafiya nan take. Mai ciwon suga kada ta taka ƙasa ba takalmi, zafin daɓe yana ƙona tafin ƙafa ba ta ji ba. Ki riƙe ƙarin silifa a jaka. Tsohuwa ko mara ƙarfi ta tambayi malaman bita hukuncin wakilci a wajen jifa.

Ki sa takunkumi a cunkoso, ki yawaita wanke hannu, ki bar abincin da ya daɗe a buɗe. Ki nisanci raƙuma da ɗanyen nononsu saboda cutar numfashi ta MERS da aka gano a Saudiyya a 2012. Ki tuna wa maigida ya yi aski a wajen masu lasisi da sabuwar reza, domin ciwon hanta yana bin aska.

Yaran da za ki bari, da ranar dawowa

Kafin ki miƙa yara ga kaka ko abokiyar zama, ki fito da katinsu. Mashaƙon da ya addabi Kano tun ƙarshen 2022 ya fi kama yaran da ba su kammala rigakafi ba. Jariri yana da allura a mako 6, mako 10 da mako 14, sai a wata 9 a yi masa ta ƙyanda da shawara da sanƙarau. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati mafi kusa da ke. Idan ranar wata allura za ta faɗo kina can, ki damƙa katin a hannun mai riƙon, ki faɗa mata ranar.

In Allah Ya dawo da ke, gida zai cika da 'yan barka da sauka, ga dabino ga zamzam. Idan kin dawo da tarin nan da alhazai kan dawo da shi, ki sa takunkumi, ki haƙura da sumbatar jarirai na 'yan kwanaki, kuma kada a zagaya da kofi ɗaya bakin kowa. Cikin mako 2 na farko, idan ke ko wani a gidan ya kamu da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, sanƙarewar wuya, ƙuraje masu duhu a fata, ko numfashi yana yi masa wuya, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko a ce maleriya ce. Ki faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa daga Saudiyya aka dawo, da ranar da aka sauka.

Rigakafi ya fi magani. Ki tura wannan ga duk maniyyaciyar da kika sani, wadda ba ta karatu kuma ki karanta mata. Allah Ya kai ku lafiya, Ya karɓi ibada, Ya dawo mana da ku ku tarar da iyali lafiya. Waɗanda ba su samu zuwa ba, Allah Ya kira mu muna da rai da lafiya. Amin.