Korona da Ciwon Suga: Me Ya Sa Sukarin Jini Ke Rikicewa?

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris, 2020, likitoci suka lura masu ciwon suga sun fi jin jiki.

Dalili kuwa shi ne, idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, jikin yakan saki sinadaran ko-ta-kwana irin su kotisol, su sa hanta ta ƙara zuba sukari cikin jini, insulin kuma ya rage tasiri. Hatta dexamethasone, maganin da ya ceci masu korona da ke fama da matsalar numfashi, yana ɗaga sukari. Amma wanda zazzaɓi ya hana shi cin abinci kuma yana shan maganin suga, nasa sukarin na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Zaman kulle na lokacin annobar ya ƙara dagula lamarin: babu tattaki, zuwa asibiti ya yi wuya, magani ya yanke wa wasu.

Don haka mai suga da ya kwanta ciwo ya riƙa auna sukarinsa akai-akai, ya yawaita shan ruwa, kada ya dakatar da insulin sai da shawarar likita. Idan amai ya ƙi tsayawa ko numfashi ya yi nauyi, a garzaya asibiti.