Tsakanin Tawakkali Da Tsoron Asibiti

Duk wanda ya zauna a Tudun Murtala ya san yadda ciwo yake tafiya a gidan talaka. Zazzaɓi ya kama yaro, sai a aika kemis a sayo ƙwayoyi na kwana biyu, domin iyakar abin da aljihu zai iya ke nan. In bai sake shi ba a nemo rubutu ko saiwa. Sai jiki ya yi tsanani sa'an nan a ɗauki mai Adaidaita Sahu a nufi Asibitin Sir Muhammadu Sanusi da ke Yankaba, ko Asibitin Murtala a cikin birni. In ka tambayi maigida dalilin jinkiri, sai ya ce maka ya bar wa Allah.

To, 'yan'uwa Musulmi, sau da yawa wannan magana sutura ce, ana rufe abu biyu da ita.

Na farko rashin kuɗi. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa wajen neman lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa. Ma'aikacin gwamnati yana da ɗan sauƙi, tun da Jihar Kano ta yi dokar asusun taimakekeniya na lafiya a 2016, ana cirar wani abu daga albashinsa. Ɗan kasuwa kuwa kwana ɗaya a layin asibiti asara biyu ce gare shi, ga kuɗin kati da gwaji, ga rumfa a rufe. Bayan janye tallafin man fetur a 2023 magani ya ƙara tsada ƙwarai.

Na biyu ya fi wuyar magani, watau tabon da ke zuciya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon magani mai suna Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, rabinsu aka ba Trovan, rabi wani magani dabam. 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, kamfanin ya musa, ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Sai a 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, aka fara biyan iyalai a 2011, shekara 15 bayan abin ya faru. Saboda haka da jita-jita ta tashi a kan rigakafin shan inna a 2003, ta tarar da zukata a shirye. Kano ta dakatar da rigakafin har Yulin 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20. Mutumin da ya ga haka, ko wanda matarsa ta rasu wajen haihuwa a gadon asibiti, ba a kiransa jahili don ya ji tsoro. Amma fa ɗansa ne yake biyan kuɗin tsoron.

Addini kuwa bai kira jinkirin magani tawakkali ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da neman magani, shi kansa ya yi ƙaho kuma ya biya mai yi ladansa. Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, bai ga wannan ya taɓa imaninsa da ƙaddara ba.

Abin da ya dawo da mutanen Kano ga rigakafi shi ne ganin sarakuna da malamansu sun tsaya a kai, har aka ga ƙarshen shan inna na daji a jihar a 2014, a Sumaila. Matsalar kuɗi ma tana neman masu tsayawa irin wannan. Majinyacin da ba shi da halin sayen magani yana cikin fakirai da miskinai waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma wanda bashin asibiti ya danne shi ma yana da rabo. Kwamitin masallacin unguwa ya san gidajen da ake jinya a ɓoye fiye da kowane ofis, sai dai attajiran da ke sahun gaba su tambaye shi.