Tsofaffin Ɗalibai Mata Da Amanar Makarantar 'Yan Mata Ta Gwandu

Duk wanda ya san garin Gwandu a Jihar Kebbi ya san Kwalejin 'Yan Mata ta Gwamnatin Tarayya da ke can. Tana ɗaya daga cikin makarantun haɗin kan ƙasa guda uku da jihar take da su, sauran biyun suna Birnin Yauri da Zuru. An soma kafa irin waɗannan makarantu a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, sa'an nan bayan yaƙin basasa gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta yawaita su, domin 'ya'yan kabilu da addinai dabam dabam su tashi a ɗaki ɗaya, su ci a akushi ɗaya. Shi ya sa yarinya daga Zuru ko Filato ko Kudu takan sami ƙawa ta har abada a ƙasar Gwandu.

Ilmin mata ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Gwandu ce mazaunin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma 'yar wansa, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan koyar da mata manya, waɗanda ake kira jaji, su kuma su koma ƙauyukansu su koyar da waɗansu. Wato wadda ta sha ruwan rijiya ita ke komowa ta yashe ta. Wannan shi ne ainihin aikin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ko da yake sunan sabo ne.

'Yan'uwa masu karatu, abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne halin da makarantun kwana suka shiga. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka afka wa kwalejin tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai, kuma ragowar 'yan matan ba su komo gida ba sai a 2023. A watan Nuwamba 2025 aka sake ɗauke 'yan mata fiye da 20 daga makarantarsu a Maga, aka kuma kashe mataimakin shugaban makarantar. A cikin wannan wata gwamnatin tarayya ta ba da umurnin rufe makarantun haɗin kai fiye da 40 na ɗan lokaci, har da ta Gwandu. Kowa ya sani, in aka rufe makaranta yaro yakan koma aji daga baya, amma yarinya sau da yawa ɗakin miji take ƙarewa tun ba ta isa ba.

A nan ne tsofaffin ɗalibai suke da abin yi wanda ba mai iya yi musu. Na fari, su ne shaida. Uba mai shakka ba zai saurari jawabin ma'aikatar ilmi ba, amma in ya ga likita ko lauya ko malamar asibiti ta zauna a zaurensa ta ce a Gwandu ta yi karatu, zai sake tunani. Na biyu, suna da murya. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta kare makarantu tun 2015, saboda haka in ƙungiya ta tambayi hukuma zancen katanga da fitilu da masu gadi, alkawarin da aka ɗauka take tunasarwa. Na uku, akwai ƙananan bukatu masu fitar da yarinya daga aji: kuɗin jarrabawar WAEC da NECO, kuɗin mota, sabulu da audugar mata. Taro da sisi, in aka haɗa aka riƙe da gaskiya, sun isa su tsare yara da yawa.

Sai kuma tarihin makaranta. Hotunan aji, rijistar ɗalibai, sunayen shugabanni da malaman da suka wuce, duk gara da ɗigon ruwa suna cinye su a ɗakin ajiya. Kwalejin Queen's ta Ikko, wadda aka buɗe a 1927, ta riƙe sunanta har yau, kuma tsofaffin ɗalibanta suna cikin waɗanda suka tsaya mata. Mu ma a Arewa mun ga yadda makarantun mishan da gwamnati ta karɓa bayan yaƙin basasa suka sake suna, har yaran yanzu ba su san wanda ya aza harsashinsu ba.

Hanya kuwa a buɗe take. Tun 2013 akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta yake wajen Kalgo, don haka yarinyar da ta gama a Gwandu tana iya yin digiri ba tare da ta bar jiharta ba. Abin da take bukata shi ne yaya wadda za ta nuna mata yadda ake cika takardar JAMB, ta kuma ƙarfafa ta.

Muna roƙon iyayenmu na Zumuntar Mata, waɗanda suka gwanance da tara gudummawa da ziyara, su bincika a ikkilisiyoyinsu ko akwai waɗanda suka yi karatu a Gwandu, su haɗa su da 'yan ajinsu Musulmi da Kirista. Wadda ba ta da kuɗi ta ba da hoto, ko ta kai ziyara, ko ta ɗauki yarinya ɗaya ta riƙa tambayar karatunta. Allah ya tsare 'ya'yanmu, ya kuma ba mu zuciyar riƙon amana.