Jirgi Mai Lamba 466 Bai Dawo Yola Ba

Da misalin ƙarfe 10:45 na safiyar Juma'a, 12 ga Satumba, 2014, jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet mai lamba NAF 466 ya tashi daga sansanin sojin sama na Yola. An tsara zai sauka da ƙarfe 12 na rana. Mutum biyu ne a cikinsa: Wing Kwamanda Chimda Hedima da Gurup Kyaftin Abdulrasheed Braimoh. Lokacin saukar ya yi, ya wuce, aka yi ta kiran jirgin ta rediyo ba amsa.

Sai an tuna halin da Arewa maso Gabas take ciki a makonnin nan kafin a gane nauyin aikin da aka ɗora musu. Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a farkon Agusta, Abubakar Shekau ya ayyana daularsa a can. Bama ta bi baya a farkon Satumba, sai Gulak da Michika a arewacin Adamawa. Sojan ƙasa yana ja da baya, saura kaɗan wutar ta isa Mubi. Abin da ya rage wa gwamnati na gaggawa shi ne sama, jiragen da ke iya tashi kuwa ba su da yawa.

Shi kansa Alpha Jet ba a ƙera shi don ya zama babban jirgin luguden bama-bamai ba. Faransa da Jamus ne suka haɗa hannu suka ƙera shi don horar da matuƙa da kai ƙananan hare-hare, kujera biyu gaba da baya. Najeriya ta sayi 24 a shekarun 1980, ta yi yaƙi da su ƙarƙashin rundunar ECOMOG a Laberiya da Saliyo. Ke nan a 2014 jiragen sun yi wajen shekara 30 suna aiki. Matuƙin irin wannan jirgi sai ya yi ƙasa-ƙasa kafin ya saki abin da ya ɗauko, kuma a nan ne bindigogin kakkaɓo jirgi da ake girkewa a bayan motoci suke iya cim masa.

Hedikwatar Tsaro, ta bakin kakakinta Manjo Janar Chris Olukolade, ta sanar cewa jirgin ya ɓace kuma ana nemansa. Aka shafe kusan mako uku a haka. A farkon Oktoba Boko Haram ta saki bidiyo: ga tarkacen jirgi, ga Shekau da sojoji suka ce ya mutu yana magana, ga wani mutum a durƙushe cikin kayan soja. Da Turanci ya faɗi muƙaminsa, ya ce an harbo jirginsu ya faɗi, ya ƙara da cewa har zuwa ranar bai san inda matuƙi na biyu yake ba. Daga nan aka kashe shi a gaban kyamara, kisan da alƙalami ba ya son ya siffanta.

Rundunar sojin sama da farko ta ce mutumin ba jami'inta ba ne. Amma wasu hafsoshinta, waɗanda suka nemi a sakaya sunayensu, sun shaida wa 'yan jarida cewa Hedima ne. Duk wanda ya taɓa rubuta sanarwa a madadin maigidansa a Abuja ya san yadda ake kaiwa ga irin wannan musu: ana gudun bai wa abokin gaba nasarar farfaganda, ana jiran tabbaci, ana jiran sa hannun na sama. Sai dai takardar da ta kare martabar ofis ita ce ta bar iyali tsakanin makoki da jira, alhali duniya ta riga ta gani.

Ranar 17 ga Oktoba, Babban Hafsan Tsaro Alex Badeh, wanda shi ma matuƙin jirgi ne, ya sanar da tsagaita wuta da ƙungiyar. Kafin watan ya ƙare Mubi ta faɗi, har da Vimtim, mahaifarsa.

Yaƙin sama bai tsaya a gabas ba. Mutanen Dukku da Rijau da sauran garuruwan masarautar Kontagora, waɗanda 'yan bindigar daji suka hana noma da barci, su ma yanzu sama suke kallo idan ƙasa ta gagara. A jiharsu ta Neja sansanin Kainji yake, gidan Alpha Jet na tun asali, inda aka girke jiragen A-29 Super Tucano 12 da suka iso daga Amurka a 2021. A Yulin wannan shekarar 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a Zamfara. Matuƙinsa, Fulait Laftanar Abayomi Dairo, ya dira da lema, ya yi tafiyar dare cikin daji har ya kai ga sojoji.

Fulait Laftanar John Abolarinwa da Fulait Laftanar Ebiakpo Chapele ba su yi wannan sa'a ba. Jirginsu, NAF 475, ya ɓace a Borno ranar 31 ga Maris, 2021. Sai a Maris na 2022 sojoji suka ci karo da tarkacensa a dajin Sambisa.